Kafin A Taɓa Tsarin Faifai, A Nuna Mana Kwafi

Daga cikin abubuwan da wannan zamani ya zo mana da su, waɗanda kakanninmu ba su sani ba, akwai al'adar nan ta mutum ya tattara dukan abin da ya mallaka na rubutu da hoto da murya, tun daga takardun filinsa da lissafin cinikinsa har ya zuwa kundin digirin ɗansa da hotunan auren 'yarsa, ya zuba su cikin wani ɗan faifai wanda bai fi tafin hannu ba, sa'an nan ya saki jiki, yana zaton abin da ya shiga ciki ya zauna ke nan har illa masha Allahu. Haka zai yi ta zama cikin wannan zato, sai ranar da ya so tura wani babban bidiyo cikin faifan, kwamfuta ta ce masa fayil ɗin ya yi wa wurin girma, alhali kuwa ga sarari nan birjik yana gani da idonsa. Ko kuma ranar da ya sayi kwamfutar Apple, ta karanta abin da ke cikin tsohon faifansa amma ta ƙi rubuta ko da harafi guda a ciki. A irin wannan rana ce zai ɗauki faifan ya nufi kasuwa, mai gyara ya juya shi sau ɗaya ko sau biyu, ya ce masa, "Alhaji, ai wannan sai an sauya masa tsari," shi kuwa, da yake bai san abin da maganar ta ƙunsa ba, sai ya ce a yi.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu: bai halatta a hankalce ba a sauya tsarin faifan da ke ɗauke da abin da mai shi ba zai iya jure rashinsa ba, sai an kwafe abin nan zuwa wani wuri dabam, an kuma buɗe kwafin an tabbatar yana karantuwa. Wanda ya yi haka ya bi duk hanyar da ya ga dama. Wanda bai yi ba kuwa, ko aikin ya yi kyau, sa'a ce kurum ya taka.

Amma kafin hujja ta zauna, wajibi ne mai karatu ya san mene ne wannan tsari da ake magana. Shi faifan kwamfuta, a zatinsa, bai san wani abu wai shi fayil ba, bai san suna ba, bai san hoto ko waƙa ba. Abin da ya sani kawai shi ne miliyoyin ƙananan gurabe masu lamba, kowanne yana ɗaukar 'yan bayit kaɗan. Idan aka ajiye littafi guda a cikinsa, sai a yanyanka shi gunduwa-gunduwa a rarraba cikin guraben da suke fanko, wani a nan, wani can nesa, ba lalle su jeru ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya ga littattafanmu na dā na rubutun hannu, waɗanda ba a ɗinke su, warƙoƙi ne sake-sake cikin tadarishi a sa a gafaka, ba su da lambar shafi, sai dai marubucin ya kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta, domin ko iska ta watsa su a iya mai da kowace mazauninta. To, tsarin fayil shi ne wannan ilimi na wace warƙa ke bin wace, haɗe da sunan littafin da ranar rubuta shi da tsawonsa, illa iyaka a kwamfuta an tara wannan bayani cikin jadawali guda a wani sashe na faifan. In jadawalin nan ya lalace, warƙoƙin duk suna nan, ba wadda ta ƙone, amma babu mai iya cewa ga farkon littafi ga ƙarshensa. Sauya tsari kuwa ma'anarsa a rushe wannan jadawali a gina wani bisa wata ƙa'ida dabam, littattafan suna zube a wurin.

Tsarin da ya fi kowanne yawo a duniya shi ne wanda ake kira FAT, wanda kamfanin Microsoft ya ƙago a shekarar 1977, zamanin da ake ajiya a kan 'yan faya-fayan roba masu laushi waɗanda ba su iya ɗaukar ko da hoto guda na wayar yau. An yi ta faɗaɗa shi bisa ga girman faya-fayai, har aka kai ga FAT32, wanda ya fito a 1996 cikin wani sabon bugu na Windows 95, kuma har gobe shi ne ke cikin akasarin ƙananan filashi da memorin da masu turin fina-finai da karatuttuka ke cika wa jama'a a bakin titi. Falalarsa ita ce babu na'urar da ba ta san shi ba, daga rediyon mota har talabijin da kyamara. Aibinsa kuwa shi ne waɗanda suka tsara shi sun ware gurbi mai lamba 32 kacal na ƙidayar kwamfuta domin rubuta tsawon fayil, kuma mafi girman adadin da wannan gurbi ke iya ɗauka shi ne bayit 4,294,967,295, watau giga 4 ba bayit ɗaya. A 1996 wannan adadi ne da mai kwamfutar gida ba ya tsammanin zai kai. Yau kuwa mai ɗaukar bidiyon biki zai wuce shi tun ba a kai amarya ba. Wannan shi ne sirrin ƙin karɓar da faifai ke yi alhali yana da sarari, kuma shi ne babban dalilin da ke kai mutanenmu ga neman sauyi.

Shi kuwa NTFS, wanda ya zo tare da Windows NT a 1993, an gina shi ne domin manyan ayyuka, yana ɗaukar fayil komai girmansa a gwargwadon bukatar mutum, yana iya tantance wa ke da izinin buɗe me, yana kuma da wata hikima wadda ita ce ta fi burge ni. Kafin ya taɓa jadawalinsa, sai ya fara rubuta niyyarsa cikin wani daftari na musamman, cewa zan yi kaza da kaza; idan wuta ta ɗauke aiki bai ƙare ba, da an kunna kwamfuta sai ya duba daftarin nan, ya ƙarasa abin da ya fara ko ya warware shi, jadawali ya koma daidai. FAT ba shi da wannan, shi ya sa zare filashi ana cikin rubutu kan bar shi a hargitse. Saboda haka ban ga laifin mai son komawa NTFS ba, musamman a faifan da zai zauna jikin kwamfutar Windows. Maganata a kan hanyar da za a bi ce.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a kwashe kayan duka zuwa wani faifai, a yi wa wannan fomat da sabon tsari, sa'an nan a mayar da su. Ta biyu ita ce a sauya tsarin kayan suna ciki, kuma Windows tana da umarni na yin haka daga FAT zuwa NTFS, wanda sunansa convert, layi ɗaya ne ake rubutawa, cikin ɗan lokaci a ga faifai ya zama NTFS, fayiloli suna nan inda suke. Wannan hanya ta biyu ita ce ke ruɗar mutane, domin ba ta bukatar sayen wani faifai, ba ta kuma bukatar zaman jiran kwafi na sa'o'i.

Adalci ya wajabta mini in ce injiniyoyin da suka rubuta wannan umarni ba su yi ganganci ba. Da farko ya kan bincika lafiyar jadawalin FAT, in ya ga ɓaraka ya ƙi ci gaba. Sa'an nan ya gina sabon jadawalin NTFS a cikin sararin da ba kowa, ya bar tsohon yadda yake, shi ya sa ma ya kan ƙi aiki a faifan da ya cika maƙil. Sai a ƙarshen ƙarshe ne yake sauya gurbin farko na faifan, wanda shi ke sanar da kwamfuta irin tsarin da ke ciki. Da wannan tadbiri, in aiki ya katse a tsakiya, galibi tsohon tsarin na nan da ransa. Wanda ya ce mini ya yi haka sau da yawa bai taɓa asara ba, ba zan ƙaryata shi ba. Amma shi kansa kamfanin da ya yi umarnin yana shawartar mutane su yi kwafi kafin su fara, kuma idan maƙerin abu da kansa ya ce a yi hattara da shi, ban san dalilin da zai sa mai saye ya fi shi yarda da abin ba. Bayan haka, ƙofa ce mai shiga ba fita: Windows ba ta da umarnin da zai mai da NTFS zuwa FAT32 kayan suna ciki, haka nan convert ba ya aiki a kan wani tsarin da ake kira exFAT, wanda bayaninsa ke tafe. Mai son komawa sai dai ya yi fomat, ko ya nemi wata manhaja ta wasu kamfanoni, waɗanda ba kowace ce aka gina da irin wancan taka-tsantsan ba, balle kuma irin waɗanda ake saukowa da su daga intanet an fasa makullinsu, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Kuma komawa FAT32 tilas ta zubar da abin da FAT32 bai sani ba, kamar izinin masu buɗewa da rufin asiri na fayiloli, sa'an nan duk fayil da ya haura giga 4 ba shi da mazauni.

Sai kuma abin da ya keɓanci ƙasashenmu, wanda masu rubuta littattafan koyarwa a Amurka ba su cika sa shi a lissafi ba, watau wutar lantarki. Mu da muke zaune inda wuta ke tafiya ba sallama, inda janareta kan shaƙe ya mutu saboda mai ya ƙare, bai kamata mu ɗauki kalmar galibi a matsayin lamuni ba, domin akwai 'yan lokuta a cikin aikin da ake matsar da ainihin bayanai daga gurbi zuwa gurbi ko ake rubuta gurbin farko, kuma ƙaddara ba ta duba agogo. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ya fi samun sauƙi, amma ko shi ya lura, in faifan na waje ne irin babba mai jona nasa waya a bango, to ɗaukewar wuta za ta kashe faifan ko da kwamfutar tana kunne. Ga kuma zancen tsufa. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu da ƙananan 'yan kasuwa na hannu ne, an yi shekaru ana aiki da su a wata ƙasa kafin su iso mu, kuma faifan da ya tsufa ya kan yi ta lallaɓawa da 'yan gurabensa da suka mutu ba wanda ya sani, sai ranar da aka ɗora masa aiki mai nauyi na karatu da rubutu ba hutawa, ran nan ne zai fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsaya cik. A nan dabarar injiniya ba ta da amfani, domin ƙarfen ne da kansa ya gaza. Ban ma so in tsawaita a kan kuskuren hannu, na mai gyaran da ke da faifai uku a jone, mutum biyar suna tsaye a kansa kowa na gaggawa, ya zaɓi harafin E a maimakon F ya danna fomat; wannan ya faru ga ƙwararru ma, balle yaron shago da ya fara koyo bara.

Wani zai kawo hujja da kamfanin Apple, ya ce ai a watan Maris na 2017, da fitowar iOS 10.3, kamfanin ya sauya tsarin wayoyi da allunan jama'a masu ɗimbin yawa a duniya daga HFS+, wanda yake amfani da shi tun 1998, zuwa sabon tsarinsa APFS, kayan kowa suna ciki, kuma mafi yawan mutane ba su ma san an yi ba. Gaskiya ne, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Amma a duba sharuɗɗan da aka yi shi a ciki. Kamfani ɗaya ne ya ƙera na'urorin ya kuma rubuta manhajarsu, ya san kowace irin ma'ajiya da ke cikinsu. Kowace waya tana da batir, kuma ba ta yarda ta fara sabuntawa in cajinta ya yi ƙasa. Bugu da ƙari, wani babban jami'in kamfanin, Craig Federighi, ya bayyana daga baya cewa a sabuntawar da suka gabaci wannan sun riƙa gwada sauyin a wayoyin, su duba ko ya yi daidai, sa'an nan su warware shi, har sai da suka natsu. Wanda ya yi irin wannan tanadi yana da haƙƙin ya yarda da aikinsa. Mutanen Linux ma, da suka yi manhajar sauya tsarin ext4 zuwa Btrfs, sai suka sa ta ajiye surar tsohon tsarin a gefe domin mai nadama ya iya komawa. Darasin da na ɗauka daga waɗannan shi ne masana na haƙiƙa ba su taɓa jadawali sai sun tanadi hanyar dawowa, mu kuwa hanyar dawowarmu guda ce, ita ce kwafi a wani faifai.

Kwafin ma ba kowanne ba. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu ba su ɗaukar aiki ya kammala sai an yi muƙabala, wani na karanta asali wani na bin sabon rubutu, domin sun san hannu na tsallake layi. Haka ya kamata a yi a nan: a duba adadin fayiloli da jimlar girmansu a ɓangarorin biyu, a buɗe waɗanda suka fi muhimmanci ɗaya bayan ɗaya, a kunna bidiyo a ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe. A 1998 ma'aikatan kamfanin Pixar na Amurka suna cikin aikin fim ɗinsu Toy Story 2, wani umarni na sharewa da aka bayar bisa kuskure ya cinye mafi yawan fayilolin fim ɗin, da suka juya ga kwafin da suke taƙama da shi sai suka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, tana da nata kwafin a kwamfutarta. Idan kamfani mai injiniyoyi da dukiya irin wannan ya iya zama da kwafin da bai gwada ba, ina ga mai shagon buga takardu? Kuma a sani, kwafin da aka ajiye a wani sashe na faifan nan dai da ake shirin taɓawa ba kwafi ba ne, domin in ƙarfen ya mutu da su duka zai tafi.

To, da zarar an sami kwafi ingantacce, sai a ga hujjar sauyawa kayan suna ciki ta raunana da kanta, domin mai kwafi ba abin da zai hana shi yin fomat ya sami sabon jadawali tsaf wanda aka shimfiɗa tun daga tushe, ya mayar da kayansa a jere. Abin da hanyar gaggawa ke rage masa bai wuce 'yan sa'o'i ba. Wannan ita ce hanyar da na fi so, ko da yake ban ce ɗaya hanyar haramun ce ga mai kwafi ba.

Game da wane tsari za a zaɓa, maganar gajeriya ce, kuma bukata ce ke yanke ta. Faifan da zai zauna da Windows kaɗai, NTFS ya fi masa. Wanda zai riƙa yawo tsakanin Windows da Apple, ko ya ɗauki manyan bidiyo daga kyamara, exFAT ne nasa, tsarin da Microsoft ya fitar a 2006, wanda shi ne ƙa'idar memori masu girman da ya haura giga 32, kuma tun da kamfanin ya wallafa bayanansa a fili a 2019 Linux ma ta karɓe shi. Sai dai ba shi da daftarin niyya, don haka kada a zare shi sai an sallame shi daga kwamfuta. Filashin da za a soka a rediyon mota ko tsohuwar talabijin kuwa a bar shi a FAT32 ɗinsa, kada a je a sauya a dawo gida rediyo ta ce ba ta san shi ba.

Saura maganar masu gyara, kuma a nan nake so in ɗan tsaya, domin su ne abin ya fi shafa. Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya bambanta tsakanin wanda aka ba ajiya, wanda ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ta'addi, da mai sana'a kamar maɗinki ko marini, wanda ke lamunin abin da aka ba shi ya yi aiki a kansa a bayan idon mai shi, sai fa in hujja ta tsayu cewa ya salwanta ba da laifinsa ba. Malamai sun gina wannan bisa maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a. Yadda za a ƙiyasta ƙimar kundin digiri ko hotunan mamaci, wannan fatawa ce ta malamai da alƙalai. Amma ruhin hukuncin a bayyane yake, cewa mai gyaran da ya karɓi faifai ya karɓi amana, kuma ba ya fita daga gare ta da cewa ai kwamfuta ce ta yi. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya gaya wa mai kaya a fili, da Hausar da zai gane, cewa fomat yana share hanyar kaiwa ga komai, ya tambaye shi ko yana da kwafi, in ba shi da shi ya faɗa masa kuɗin yin kwafin, ya bar shi ya zaɓa. In kuwa ya kwafe kayan mutum a kwamfutarsa domin aikin, to kada ya leƙa abin da ba a sa shi ba, kuma ya share su gaban mai su da zarar an gama, domin a cikin faya-fayan nan akwai sirrin gidaje, kuma tonon asirin Musulmi ya fi asarar fayil muni.

Wanda kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa masa, aka yi wa faifansa fomat bisa kuskure ko sauyi ya tsaya a tsakiya, to ya cire faifan nan take, kada ya ajiye ko da hoto ɗaya a ciki, kada kuma ya yarda a sake masa wani fomat wai don a gyara. Fomat na gaggawa jadawali kawai yake sabuntawa, bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su TestDisk da PhotoRec da kan iya tsamo da yawa daga ciki, ko da yake sau da yawa sunayen fayiloli kan ɓace, waɗanda aka rarraba gunduwoyinsu kuma su fito a karye. Amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana bin faifan ne gurbi-gurbi yana shafewa, haka nan sababbin faya-fayan SSD su kan goge abin da aka ce an share ba da jimawa ba. A waɗannan biyun tsammani kaɗan ne.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu gyaran kwamfuta da waya a kasuwanninmu da su mai da wannan ƙa'ida a tsakanin 'ya'yansu, cewa ba a yi wa faifan kowa fomat ko sauyin tsari sai mai shi ya ji bayani ya amince, a rubuta a rasit cewa an yi kwafi ko kuwa shi ne ya ce ba ya bukata. Kai kuma mai karatu, in mai gyara ya ce maka sai an sauya tsari, ka ce masa ya fara nuna maka kwafin, ka buɗe shi da hannunka, sa'an nan ka ba da izini.